Ƙofar Bayan da Aka Huda wa Zaure

Da sunan Allah nake ci gaba da wannan rubutu, Shi da ya san abin da ke cikin kowane rumbu ba tare da an ɗaga murfi ba. Wannan babin naku ne, ke Maryam da kai Usman da autata Zainabu, domin na gaji da abin da ake cusa muku a kunne a gidajen suna da na biki. An gaya muku ubanku butulu ne, wai ya hau benci a tsakiyar kasuwar Malumfashi ya tona wa yayansa asiri, yayan da ya riƙe shi tun yana ƙaramin yaro. Benci kam na hau, magana kuma na yi ta, har da lasifika. Abin da ya kai ni kan bencin shi ne ba wanda yake son ya faɗa muku. Ni zan faɗa, kuma kada wani ya ɗauka haƙuri nake bayarwa. Na tsufa, gwiwa ta daina kai ni gona, amma duk ranar da na tuna shekarar nan raina yakan ɓaci kamar jiya aka yi abin.

Ba zan rage wa yayana Alhaji Sada komai daga alherinsa ba. Da mahaifinmu ya rasu shi ya riƙe gandu, shi ya tura ni makarantar koyon sana'a alhali shi bai leƙa aji ba. Allah ya buɗa masa a harkar hatsi har ya gina sito a Funtuwa, motoci suna lodi da sunansa. Ni kuwa gyaran rediyo na fara, na koma gyaran sikelin auduga, daga nan na shiga koyar da lantarki. Sai da furfura ta fara fito mini sannan na kama koyon rubuta manhajar kwamfuta, abokaina suna yi mini dariya wai tsoho ya shiga wasan yara. Akwai abu ɗaya da Alhaji ya koya mini wanda ba a makaranta na samu ba. Ina yaro na taɓa hawa jikin rumbun maƙwabcinmu na ɗaga murfi don in ga ko ya kai namu cika. Yaya Sada ya fizgo ni ƙasa ya kwaɗa mini mari, ya ce ɗan halak ba ya leƙa rumbun wani, ko matar gida sai an ce ta ɗebo take sanin abin da ke ciki. Ku riƙe wannan marin a ranku, za mu dawo kansa.

Kun san halin masarar yankinmu. Ana karya ta ruwa bai gama ɗaukewa ba, a sussuke a hanzarce, a ɗura a buhu da sauran danshi a jikinta. Daga waje buhu lafiya lau, a ciki kuwa tana gumi tana ɗaukar zafi, kafin mai ita ya farga ta yi fumfuna. Bayan na ajiye aikin koyarwa sai na haɗa wata 'yar na'ura da ba ta fi kwalin ashana ba, a cusa ta tsakanin buhuna tana auna zafi da danshi. Aunawar ba wuya. Wuyar ita ce yadda za ta gaya wa mai rumbu abin da ta gani, a ƙauyen da layin waya yake zuwa ya tafi yadda ya ga dama. Kowace waya tana da ɗan rediyon nan na kusa-kusa da samari ke tura wa juna waƙa da shi, wanda suke kira bulutut, kuma 'yar ƙwayar lantarkin da ke yin wannan magana tana da araha a kasuwa. Sai dai manhajar da masu ƙwayar suke haɗo ta da ita a kulle take. Tana shan batir kamar ana zuba ruwa a rairayi, tana yanke magana da zarar ta haɗu da katangar ƙasa, kuma ba ka da ikon leƙa cikinta ka gyara. Na rubuta musu ƙorafi, ko amsa ban samu ba. Haushin wannan ne ya sa na ce zan rubuta tawa tun daga tushe.

Irin wannan manhaja hawa-hawa ake gina ta. Hawan ƙasa shi ke magana da ƙwayar rediyon kanta, ya gaya mata lokacin da za ta farka ta yi cigiya da lokacin da za ta koma barci don batir ya daɗe, ya kuma sa ta riƙa tsalle daga wannan tasha zuwa waccan don kada ta yi karo da wasu. Na samansa yana yanyanka saƙo ƙanana-ƙanana, ya tabbatar kowane yanki ya isa, wanda ya ɓata a sake turo shi. Na can sama shi ke jera abin da na'urar take da shi na faɗa, zafi kaza, danshi kaza. A tsakiya kuwa akwai hawan da na fi kashe wa rai, wanda ke tantance wa zai shiga da wa zai tsaya a waje. Na tsara shi yadda na'ura ba za ta buɗe baki ga kowace waya ba sai wadda mai rumbu ya danna maɓalli da hannunsa ya gabatar mata. Daga ranar su biyu suke riƙe da mabuɗin sirri, duk wata waya da ta zo ta yi sallama sai a ƙi amsa mata. Saboda wannan hawan na sa wa manhajar duka suna Zaure. Na sha wahalarta. Rufin kwano yana dawo da magana baya, buhunan masara suna haɗiye ta, wayoyin araha kowace da irin taurin kanta. Na fi shekara ina rushewa ina sakewa, uwarku Hajara tana cewa ta auri mutum ya koma saiwar kujera.

Da ta fara tafiya sai na ɗora asalin rubutun gaba ɗaya a intanet, a buɗe, da sharaɗi ɗaya: kowa ya ɗauka, ya gyara, ya sayar ma idan yana so, amma duk abin da ya ƙara shi ma ya bar shi a buɗe. Ni gayya na ɗauke ta, irin wadda muka tashi muka ga ana yi a gona. Kuma gayyar ta amsa. Wani da ban taɓa ganin fuskarsa ba ya turo gyaran da ya sa batir ya kai ƙarshen rani. Wata mata a wata ƙasa mai nisa ta ɗauka ta sa a injin ƙyanƙyasar ƙwai, ta dawo mana da maganin matsalar da ta hana ni sakat. A gida kuma ga Bishir, ɗan Alhaji Sada na biyu, wanda ya karanta ilimin kwamfuta a Zariya. Magidanci ne lokacin, da matarsa da 'ya'yansa, kuma hannunsa ya fi nawa sauri nesa ba kusa ba. Muka buɗe shago tare a Malumfashi. Ni ina kan rubutu, shi yana harhaɗa manhajar yana ɗura ta a na'urori kafin a miƙa wa manoma. Na so yaron nan kamar ni na haife shi, har yanzu ma ban ce na daina ba.

Na'urorin suka bazu, daga Mahuta har ƙauyukan Matazu. Wata Juma'a bayan mun sauko daga masallaci muna cin abinci a ƙofar gida, Alhaji ya sallami mutanensa ya ce in tsaya.

"Rabe, wannan abin naka da ake ta cusawa a rumbuna, ni ba zan iya ganin abin da yake gani ba?"

"Na sitonka ai kana gani, Yaya. Ni na haɗa maka da wayarka."

"Ba nawa nake nufi ba."

Na ajiye cokali. Ya ci gaba da magana a hankali, irin muryar da yake saye da ita. Ya ce taimako ne. Idan ya san wanda masararsa ta fara gumi sai ya aika a saya kafin ta lalace, manomi ya tsira da wani abu, shi ma ya samu. Na ce masa, Yaya, wanda ya san masararka tana gumi shi ke yanka mata farashi, kai ka fi ni sanin haka. Na ce ko da ina so ma ba zai yiwu ba, rubutun a buɗe yake, duniya tana karantawa.

"To ka rufe shi mana. Wa ya aike ka ka baje guminka a titi?"

"Ba zan rufe ba, Yaya. Kuma ba zan huda ƙofa a rumbun mutane ba."

Ya yi dariya ya ce boko ya ɓata ni. Na ɗauka maganar ta mutu a nan. Ban san ya tsallake ni ya tafi inda ba za a iya ce masa a'a ba.

Bayan kaka, wata ranar da hantsi, sai ga Malam Iro daga Mahuta ya shigo shago. Dattijo ne mai noman masara, yana cikin waɗanda suka fara yarda da mu tun mutane suna cewa tsafi ne. Ko zama bai yi ba. Ya kwance bakin rawaninsa ya fito da sabuwar na'urarmu da ya ƙara saya gab da kaka ya dire ta a kan teburina.

"Malam Rabe, ga kayanka. Ni dai ina son ka gaya mani, wa ya faɗa ma yaran Alhaji masarata ta yi gumi?"

Na ce ya zauna ya ba ni labari. Ya ce wayarsa ta nuna masa zafi ya tashi a buhunan tsakiya, bai gaya wa kowa ba, ko iyalinsa. Niyyarsa ya fito da su ya shanya a tsakar gida a hankali, abin bai kai ga lalacewa ba. Kafin ya yi haka sai ga dillalan Alhaji a ƙofar gidansa, sun san ɗakin, sun san har layin buhunan. Da ya ƙi sayarwa suka baza a kasuwa cewa masarar Iro ta ruɓe, ba wanda ya ƙara taya ta. Dole ya koma musu ya sayar a wulaƙance, har da wadda ya ware don cin gidansa zuwa damina.

"Akwai wani mai babur," in ji shi, "duk ranar kasuwa sai ya tsaya bayan katangata wai fulogi ya mutu. Ya duƙa yana taɓa waya, can sai babur ya tashi lafiya lau. Fulogin nan bai taɓa mutuwa ko'ina ba sai bayan rumbuna. Kuma ka san zamanin da muke ciki. Wanda anka san ɗakinshi cike yake da hatsi ba ya barci da ido biyu rufe."

Na san nisan da rediyon nan ke kaiwa. Ba ya wuce tsallaken katanga, daidai inda mai babur yake tsayawa. Na roƙi Malam Iro ya bar mini na'urar. Akwai hanyar gane gaskiya a wannan aiki, kuma mai sauƙi ce. Rubutun da mutum ke karantawa sai kwamfuta ta niƙa shi kafin na'ura ta gane shi, kuma hatsi ɗaya a inji ɗaya gari ɗaya yake bayarwa. Na ɗauko rubutunmu na intanet na harhaɗa shi da hannuna, na zuƙo abin da ke cikin na'urar Malam Iro, na aza su gefe da gefe. Ba su zo ɗaya ba. Na cikin na'urar ya fi nauyi, kuma ƙarin yana daidai hawan nan na tsakiya. Na bi shi a hankali har na gan shi ƙuru-ƙuru: mabuɗi na biyu, wanda ba mai rumbu ne ya bayar ba, wanda duk wayar da ke ɗauke da shi za ta shiga ba sallama. Rubutun da duniya ke karantawa tsaf yake. Wanda ake ɗura wa manoma a shagona, da sunana a jikin kwali, shi aka huda.

Bishir ya dawo daga sallar la'asar ya same ni a gaban kwamfuta. Na juya masa fuskarta. Ya duba, ya sunkuyar da kai, ya zame ya zauna a ƙasa, ƙato da shi.

"Baba Rabe, sau uku ina ce masa ba kyau. Ya ce in zaɓa, ko in yi ko ya ɗaga mini nono a madadin uwata da ta rasu. Ya zan yi? Mahaifina ne."

"Tun yaushe?"

"Tun kafin kaka. Duk wadda ta fita daga shagon nan tun lokacin tana da shi."

Ban mare shi ba, ko da yake hannuna ya yi ƙaiƙayi. Ba shi na fi jin haushi ba. Haushina yana kan mutumin da ya san ɗansa ba zai iya ɗaga ido ya dube shi ba, ya ɗauki wannan biyayyar ya mayar da ita abin fasa rumbun talakawa. Mutumin da ya mare ni ina yaro saboda na ɗaga murfi ɗaya, shi ne ya aika babura su bi ƙauye-ƙauye suna ɗaga murfin kowa.

Washegari aka tara mu a ɗakin kakarku Inna. Ta tsufa sosai lokacin, ba ta gani da kyau, amma kunnenta ras. Kun san ba ta taɓa kama sunan Alhaji ba, ɗan fari ne, sai dai ta ce yayanka. Alhaji bai musa komai ba. Abin da ya ƙara ƙona mini rai ke nan, ya zauna yana jan carbi kamar maganar kuɗin taki ake yi. Ya ce tunda abin ya dame ni, shi ya haƙura, zai ce wa yaransa su daina. Ya ce Bishir ya cire ƙofar daga sababbin na'urori, tsofaffin kuma a bar su, batir zai mutu wata rana. Magana ta ƙare a ɗakin nan, ba mai ji.

Na ce ba ta ƙare ba. Na ce mabuɗin nan yana cikin wayoyin dillalai, kuma waya ana sace ta, ana sayar da ita, ana ba da aronta. Yau dillali ne a bayan katanga, gobe ɗan leƙen asirin mutanen daji ne, yana tafe yana ƙirga gidan da ke da hatsi. Na'urorin da ke ƙauyuka ba za su gyaru daga nesa ba, sai masu su sun kawo ko sun buɗe mana ɗaki, kuma ba za su kawo ba sai an gaya musu dalili. Alhaji ya ce a ce musu sabon gyara ne ya fito. Na ce wato in ƙara musu ƙarya a kan cuta, wanda bai ga dama ba ya bar tasa a huje yana barci a kanta.

Inna ta laluba ta kamo hannuna.

"Rabe, mi kake nema? Yayanka ya ce ya bari. Gidanga ba a taɓa jin kanmu a waje ba. Ka rufa mana asiri, Allah ya rufa maka naka."

Wannan kalma ita ce aka ɗaure ni da ita, kuma ita ake ɗaure kowa da ita a ƙasar nan. Na durƙusa a gabanta na ce, Inna, Malam Iro ma yana da asiri, a rumbunsa yake, mu muka tona shi. Asirin wa za a rufa, na wanda ya leƙa ko na wanda aka leƙa? Ta saki hannuna ta juya fuska bango. Alhaji ya miƙe ya gyara babbar rigarsa.

"In ka buɗe baki a waje, ka nemi wani yayan."

Da na koma sashenmu Hajara tana tankaɗe, ta riga ta ji komai ta katanga. Ba ta ɗago ba ta ce, "Malam, in ka yi shiru za mu zauna lafiya da kowa, kai ne dai ba za ka zauna lafiya da kanka ba, ni kuma da kai nake zaune. Ka yi abin da za ka yi." Ban taɓa gode mata a kan wannan maganar yadda ya kamata ba har ta koma ga Allah, ku ku sani uwarku ce ta ƙarasa mini shawara.

Ranar kasuwar Malumfashi na ari lasifikar wani mai tallar magani, na jawo benci a ƙofar shago na hau. Ga abin da na faɗa, kuma akwai masu rai da za su ba da shaida. Na ce duk wanda ya sayi na'ura a shagon nan daga gab da kaka zuwa yau, na'urarsa tana da ƙofar da wani zai iya leƙa rumbunsa ta bayan katanga. Na ce an riga an leƙa na wasu. Na ce kowa ya cire batir yau ɗin nan, ya kawo a wanke ta a sake ɗura mai tsabta kyauta, a gabansa. Ban kama sunan Alhaji ba. Ban kama sunan Bishir ba. Aka yi ta tambayata daga cikin taro wa ya yi, na ce shagona ne, ni za ku riƙe. Amma mutane ba dabbobi ba ne, kowa ya san baburan wa ke mutuwar fulogi a bayan katangu. Kafin a tashi kasuwa sunan Alhaji yana bakin kowa. Da yamma na rubuta bayanin abin da ya faru a shafin manhajar don 'yan gayya na nesa su sani, muka kuma canza tsarin aiki. Daga ranar duk wanda ya iya zai harhaɗa rubutun da kansa ya gwada da abin da ke cikin na'urarsa, kuma ba abin da za a ɗura wa manomi sai mutum biyu da ba gida ɗaya suka fito ba sun duba.

Kada ku zaci an ɗauke ni a kafaɗa. Wasu manoman sun kawo nasu an gyara, sun yi godiya. Da yawa kuwa suka farfasa nasu da dutse, wani ya jefa tasa a rijiya ya zo har shago ya zage ni ta uwa ta uba. Na shanye, suna da gaskiyarsu. Waɗanda ban shanye nasu ba su ne manyan gari da suka yi ta sintiri gidana, ba don su tambayi yadda Malam Iro zai ciyar da iyalinsa ba, sai don su gaya mini ban kyauta ba, ai babba ba a kunyata shi. Ko mutum ɗaya a cikinsu bai taka ya je ya ce wa Alhaji bai kyauta ba. Wai ni ne mai laifi saboda na faɗa, shi da ya aikata kuwa sai a tausaya masa an zubar masa da girma. Har gobe wannan lissafin bai shiga kaina ba, kuma ba na fatan ya shiga naku.

Sati bai zagayo ba Alhaji ya kira magina suka ja katanga a tsakiyar gidanmu na gado, suka toshe ƙofar da ke tsakanin sashensa da namu. Ɗakin Inna ya faɗa ɓangarensa. Ke Maryam kina iya tunawa, kin tsaya kina kuka kina tambaya ta ina za ki kai wa Inna kunu. Sai na zagaya ta titi in yi sallama a ƙofarsa kamar baƙo, wata rana a bar ni in shiga, wata rana a ce tana barci. Ranar da ta cika, a bakin maƙwabci na ji, ina tsaye a shago. Na iske an riga an yi mata sutura. Wannan shi ne abin da na biya, kuma ba wanda ya isa ya ce mini ban san tsadarsa ba. Bishir ya kwashe iyalinsa ya koma Kaduna, bai ƙara taka shagon ba. Amma lokaci-lokaci wani mai ɓoyayyen suna yakan turo gyara a hawan tsakiya na Zaure, gyara mai kyau, mai toshe kafa tun kafin a gan ta. Na san hannun da na koya wa aiki. Nakan duba, in sa wani ya duba, mu karɓa, ban taɓa ce masa na gane shi ba.

Ga abin da nake so daga gare ku. Alhaji Sada babanku ne, ku gaishe shi, ku je masa da Sallah, idan ya kwanta ciwo ku duba shi. Amma kada ɗayanku ya kuskura ya je ya durƙusa ya ba shi haƙuri da sunana, ina raye ko bayan raina. Wanda ya yi haka tamkar ya ce Malam Iro ne ya yi laifi da ya ajiye masara a ɗakinsa.

Har yanzu idan na je Funtuwa ganin likita nakan bi ta gaban sitonsa, don nan ce hanyar tasha. Yakan zauna a kujera a bakin ƙofa, ya rame, gemu ya yi fari fat. Sitonsa cike yake da na'urorin nan, yaransa sun sa wani ya ɗura musu Zaure mai tsabta daga intanet, tunda shi ma ba ya son a leƙa nasa. Ina matsowa sai wayata ta motsa a aljihu, ta ji su suna cigiya ta bayan bango. Takan yi musu sallama, su ƙi amsawa, domin mai sito bai gabatar da ita ba. Haka na rubuta su, kuma ko ni da na rubuta ban bar wa kaina ƙofa ba. Sai in tsaya a gabansa in ce, salamu alaikum, Yaya. Yakan dubi titi ya ci gaba da jan carbinsa. Ni kuma in jira daidai yadda ake jiran amsa, sannan in wuce tasha.